Lambar da ke Jikin Libarbar Kaka Mirbash

Peshawar, 9 ga Fabrairu, 1986

Uwar Palwasha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Palwasha da mijinta da ɗan baƙon da Allah ya ba mu. Yaya jikin mai jego? Yaya kuma gwiwarki da hawan benen nan nasu na Karaci? Kin rubuto cewa jaririn ya ɗauko hancina. To, ku ba shi haƙuri, ni shekara hamsin da shida ke nan ina ɗauke da shi ban mutu ba.

Ni lafiya ƙalau, in ban da abinci. Tun da kika tafi, gurasa da kabab, gasasshen naman nan, nake ci safe da yamma, har mai kabab ɗin ya fara tambayata ko yaji kika yi.

Ga dalilin da ya sa na yi saurin rubuto miki. Kin san tun rasuwar baffanku ba a raba gadon kakanku Mirbash ba. Shekaranjiya Jumma'a dattawa suka zauna jirga, taron yanke hukunci, a ƙauyenku Torcina, yayanki Nekmat a gefe guda, ɗan baffanku Malik Zarbat a ɗaya gefen. Gidaje da gonakin tudu an raba su ba hayaniya. Abu biyu suka rage, gonar rafi da libarbar Kaka. Sai Zarbat ya miƙe ya ce shi ba ya son a tsaga gonar, bindiga kuma ba ta tsaguwa, don haka Nekmat ya zaɓi ɗaya, shi ya ɗauki abin da ya rage. Kafin nan an riga an baza labari cewa wani dillali ya kawo Bature, ya taya bindigar kuɗin da zai sayi gonar rafi har a samu canji. Kin san yayanki. Zarbat bai rufe baki ba Nekmat ya ce bindiga.

Na ja shi gefe na ce, Lala, babban yaya, baki tara kake ciyarwa, bayanka ya fara ƙin tuƙin babbar mota, me za ka yi da ƙarfe? Kin san abin da ya ce mini? “Kai ɗan maƙeri, komai sai ka ɗora shi a sikeli. Kakana da hannunsa ya ƙwace ta daga kyaftin ɗin Ingilishi a yaƙin Tira. In bar wa Zarbat ya rataye ta a zaurensa, baƙi su ɗauka shi kaɗai ne jika? In rana ta ɓaci, ai Baturen yana nan.”

Dattawa dai sun ce ba za a ɗaga hannu a shafa fatiha ba sai wanda ya san bindiga ya duba ta, ya faɗi shekararta da darajarta a gaban kowa, don kada rigima ta taso nan gaba. Mijinki suka zaɓa, kuma duka ɓangarorin sun yarda. Za a sake zama ranar bakwai ga Maris. Kin san kuwa in aka shafa fatihar nan, magana ta mutu, ko jikokin jikoki ba su da bakin tada ta.

Jiya aka kawo mini ita shago a naɗe cikin koren alharinin nan. Shekara talatin da biyar da aurenmu, sai dai in hango ta a bango, jiya na fara riƙe ta. Webli ce, mai ɗaki shida, ga tambarin kambi a gefenta. Lambarta 7316, kuma tana nan a duk wurare ukun da ya kamata, a jiki, a bututu, da kan gangar harsashi.

Na ɗauko baƙin littafin nan nawa da kike cewa na fi kula da shi a kan cikina. Bari in sake yi miki bayaninsa, ko wannan karon za ki saurara. Turawa a masana'antarsu bi da bi suke buga lamba, ba sa maimaitawa. To duk bindigar gaske da ta bi ta hannuna cikin shekara talatin, wadda na tabbatar da shekararta, na rubuta lambarta. In aka kawo mini wata, sai in duba tsakanin waɗanne biyu ta faɗa, shi ke nan na san shekarunta. Ta Kaka ta faɗa daidai shekara biyu kafin yaƙin Tira. Labarin gidanku ya zauna daram a kan lambar, kuma na yi murna ƙwarai.

Abu ɗaya ne kawai. Tun da na rufe shago lambar take yi mini yawo a ka, kamar fuskar mutumin da ka san ka taɓa gani amma ka rasa a ina. Wataƙila tsufa ne.

Ki shafa mini kan jaririn. Ki gaishe da Palwasha da mijinta da surukanta.

Naki,
Janas Gul


Peshawar, 17 ga Fabrairu, 1986

Uwar Palwasha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta yara. Allah ya sa cibiyar yaron ta warke. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma kada ki ba Palwasha ta karanta miki wannan, ki sa tabaranki ki lallaɓa da kanki.

Ba tsufa ba ne. Na taɓa ganin lambar.

Na bi littafin shafi shafi har na kai baya, inda nake rubuta bindigogin gida, ƙirar Darra, garinmu na maƙera. Ga ta nan, 7316, shekarar 1961, wani ɗan sanda daga Kohat ya kawo in gyara masa kunama. A gefe na rubuta, aikin Darra, mai kyau ƙwarai. Na ƙara buɗawa, ga ta kuma a 1974, a hannun wani dillali na garin Bara. Bindiga uku, lamba ɗaya. A masana'antar Turawa wannan ba ya faruwa.

Duk da haka ban karaya ba. Na ce wa kaina ai dole akwai uwa da aka kwaikwaya, to ta Kaka ce uwar, sauran 'ya'yanta ne. Na yi bismilla na kwance katakon mariƙin, na buɗe cikinta. Bindigar Turawa in ka buɗe ta, cikinta sumul yake, inji ne ya goge. Wannan kuwa shatin magagari ne ko'ina, ƙanana, a jere, gwanin kyau, kuma duk sun karkata hagu. Aikin bahago ne. Ƙarƙashin ƙarfen da ke tura kunama kuma ga ɗigo uku. Uwar Palwasha, hannun da ya yi aikin nan ya sha marina ina yaro. Babana ne, Ustaz Lawang.

Ke kin girma a gidan manoma, bari in gaya miki halin maƙeranmu na da. In aka ba su bindigar gaske su yi irinta, komai suke kwafewa, kambi, rubutu, lamba, har ƙarzanen da ke jikinta. Baba bai iya karatu ba. A wurinsa lambar ado ce cikin adon bindiga, kuma ya sha cewa bindigar da ba rubutu tsirara take. In ya samu uwa mai kyau ya ɗauki awonta, sai ya shekara yana ƙera 'ya'yanta, kowacce da lambar uwar. Ko a mafarki bai san wata rana ɗansa zai zauna da littafi yana kama shi da ita ba.

Ga abin da ke cin raina. Bindigar gaske ta taɓa shiga maƙerar Baba, wannan ba shakka, tun da a jikinta ya ga lambar. Amma wadda ta koma bangon Torcina ba ita ba ce. Ko dai Kaka Mirbash ya sani, ko kuma an kawo wa Baba gyara ne ya musanya ta. Na rubuta wannan layin sau uku ina gogewa. Ban taɓa sanin Baba da cin amana ba, amma ni aikina abin da ƙarfe ya nuna nake faɗa, kuma ƙarfe bai gaya mini wanne ne cikin biyun ba.

Darajarta kuwa, ta gaske za ta sayi gonar rafi. Wannan sabon keke za ta saya. Duk Baturen da zai zuba irin wancan kuɗin sai ya sa an buɗe cikinta, kuma a ranar Nekmat zai wayi gari ba gona ba bindiga.

Shekaranjiya sai ga Zarbat a shago, da ƙaton rago a bayan mota, wai ya ji ba ki nan ya ce kada in rame. Ya sha shayi kofi biyu yana yabon shagon, sannan ya ce, “Ustaz, ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Lamba aka ce ka karanta. Ka karanta lamba, ka faɗi shekararta, ka zauna abinka.” A nan na gane ya riga ya kai ta wani wuri an buɗe masa cikinta. Kuma abin haushin, dabararsa tana da kyau. In na miƙe na ce wannan lamba ta shekara kaza ce, ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Sunan Kaka ya tsira, sunan Baba ya tsira, ni ma na ci rago.

Na sa an mayar masa da ragonsa jiya da safe. Na san abin da mayar da kyauta yake nufi a wurinmu, kuma na san daga yau shi da mutanensa ba za su ƙara taka shagona ba. Ba zan karanta lamba in zauna ba. Yaran Nekmat a cinyata suka yi wayo, ba zan bari a shafa fatiha a kan abincinsu ina kallo ba.

Ki yafe mini wannan takarda. Ki rubuto mini ko da zagi ne.

Mijinki,
Janas Gul


Peshawar, 1 ga Maris, 1986

Uwar Palwasha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, kuma na gode da ba ki ɓoye mini fushinki ba. Na ji daɗi da kika ce yaron ya fara murmushi. Allah ya raya shi.

Kin ce in bar matattu su huta. Kin ce da labarin bindigar nan aka yaye ki, da shi kike ɗaga kai a cikin matan Peshawar. Kin ce in ta tabbata Babana ne ya musanya, da wane ido za ki kalli danginki, ke da kika haifa wa gidansa 'ya'ya biyar. Kin kuma ce ko an yi arba'in ba yanzu za ki dawo ba. Duk na karanta, har sau biyu. Ba ni da amsar da za ta sanyaya miki rai. Abin da na sani shi ne Kaka da Baba suna inda gona ba ta amfane su, su Nekmat kuwa gobe ma sai sun ci abinci.

Ban zauna ba. Dattawa ba za su karɓi littafi ba, rabinsu ma ba su yarda da takarda ba, sai abin da suka taɓa da hannu. Don haka na hau mota zuwa Kohat neman ɗan sandan nan. Yana raye, ya tsufa tukuf, ya yi aikin hajji, amma har yanzu kallon ɓarawo yake yi wa kowa. Sai da na ajiye masa bindigata mai baki biyu jingina sannan ya ba ni aron tasa. Dillalin Bara kuwa ya sayar da tasa tuntuni, na bi sawu kwana biyu har Landi Kotal, na same ta a hannun wani mai sayar da taya. Yanzu duka ukun suna cikin akwatina. In kika jera su, ko ni sai na buɗe ciki nake tuna wacce ce wacce.

Daga nan na wuce Darra wurin Baba Sarbaz. Kin tuna shi, tsohon nan da ya yi koyon aiki a hannun Babana tun kafin a haife ni, wanda ya rera waƙa ranar aurenmu har aka roƙe shi ya yi shiru. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai zama a rana ƙofar maƙera. Ban ce masa komai ba, na ɗora masa ta Kaka a tafin hannu. Ya bi ta da yatsu tun daga baki har gindi, ya tsaya a kan lambar. Na ce, Baba, ka san ta? Ya ce, “Ni na goge bututun.” Na ce to gaya mini yadda aka yi. Ya ce, “Na dafa Alƙur'ani, ɗan Lawang. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini rana.” Na durƙusa na ce abu ɗaya kawai zai faɗa mini, Babana ɓarawo ne ko a'a? Ya juya fuska bango. Na gaya masa ranar jirga, na ce in ya ga dama ya karya rantsuwar, ciyar da miskinai goma na kaffara a wuyana. Bai juyo ba, na naɗe bindigar na taso.

Abu mafi wuya na bar shi ƙarshe. Ban so Nekmat ya fara jin maganar a bainar jama'a ba, sai na tare shi a tashar manyan motoci, na ja shi bayan mai shayi na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Nawa Zarbat ya ba ka?” Na ce ai Zarbat so yake in yi shiru, Lala, yi tunani mana. Ya ce, “Ni na roƙe ka ka cece ni? In ka buɗe baki ka ce kakana jabu ya rataye shekara hamsin, kada ka ƙara taka ƙofar gidana, ko gawata aka fitar.” Ya biya kuɗin shayinsa shi kaɗai ya tafi.

To kin ji inda nake. Ba ni da shaida sai ƙarfe uku. Mutumin da nake yi dominsa ba ya so, ke ba kya so, kuma wataƙila da bakina zan mai da ubana ɓarawo. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ranar Jumma'a zan je, kuma zan faɗa.

Ki sa ni a addu'a ko kina fushi.

Naki har kullum,
Janas Gul


Peshawar, 8 ga Maris, 1986

Uwar Palwasha,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Palwasha da ƙaramin maigida. Ni na dawo da ƙafafuna, alhamdu lillahi. Na san wasu za su riga ni kai miki labari, shi ya sa na zauna rubutu tun kafin in karya.

Bayan sallar Jumma'a aka zauna a filin ƙofar masallaci, an yi da'ira, mutum ya fi ɗari. Da Haji Mirzaman, babban dattijon, ya kira ni, sai na shimfiɗa bargona a tsakiya na jera ukun. Na roƙi liman ya karanta lambar kowacce da ƙarfi. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, da ya zo ta uku muryarsa ta yi ƙasa. Na yi musu bayanin lamba yadda na yi miki, na buɗe cikin ta Kaka, na zagaya da ita suna leƙa shatin magagari. Na ce lambar gaskiya ce, ta shekara biyu kafin yaƙin Tira ce, amma bindigar ba a Ingila aka haife ta ba, a Darra ne, kuma ubana ne ya ƙera ta.

Nekmat ya zabura sai da mutum biyu suka riƙe shi. Zarbat kuwa ko gezau. Ya gyara rawani ya ce, “To, jama'a kun ji da kunnenku. Kakanmu ya kai gyara, uban wani ya sace. Ashe gidan Lawang ya kamata mu nema, ba juna ba.” Nan fa wuri ya yamutse. Na ga samari suna gyara ratayen bindigoginsu. Na ɗaga murya na ce in jirga ta samu haka ne, ga ni, ga shagona, ga wuyana, a yanke abin da za a yanke. Amma wannan wata shari'a ce daban. Ta yau ita ce ba za a ba mutum keke a karɓe masa gona ba.

Ana cikin haka sai na ji wata murya daga baya tana cewa, “Ku matsa, 'yan banza, makaho zai wuce.” Baba Sarbaz ne. Ashe tun hantsi ya sa aka ɗoro shi a bayan a-kori-kura daga Darra, yana zaune jikin bangon masallaci yana jin komai. Aka riƙo shi har tsakiya. Ya ce wa liman, “Malam, zan karya rantsuwa, ɗan Lawang zai ciyar.” Sannan ya faɗa.

Ya ce shekarar babban fari ce, shekarar da mutanen Torcina suka ci irin shukarsu. Kaka Mirbash da ƙafarsa ya zo maƙera, bindigar a ƙarƙashin riga. Ya riga ya yi ciniki da wakilin wani attajiri na ƙasar Hindu, kwana arba'in aka ba shi ya kawo ta. Ya ce wa Babana ya ƙera masa 'yar'uwarta, wadda ko matarsa ba za ta gane ba. Ya sa su biyun suka dafa Alƙur'ani. Baba Sarbaz ya ce har yau yana jin muryarsa yana cewa, “'Ya'yana ba za su ci ƙarfe ba, Lawang. Amma in suka ga bango wayam, ba za su iya ɗaga kai ba.”

Sai tsohon ya juya idanunsa marasa gani wajen su Nekmat ya ce, “Ku jikokinsa, manyan banza, ba wanda ya taɓa tambayar kansa da me Mirbash ya sayi gonar rafi a hannun mutanen ƙetare, a shekarar da ba mai buhu ɗaya a garin nan? An ce muku fatauci ya je. Wane fatauci? Mutumin da ko akuya bai iya tayawa ba!”

Uwar Palwasha, ni dai na zauna a ƙasa. Ban san ina hawaye ba sai da na ji gishiri a bakina. Babana bai ci amana ba. Riƙe ta ya yi har kabari, bai ko gaya wa ɗansa ba, sai dai lambar da bai san tana magana ba.

Dattawa sun keɓe kamar awa guda. Hukuncinsu shi ne a raba gonar rafi biyu, da alkamar da ke cikinta yanzu, ruwa kuma kwana uku uku, ranar Jumma'a a bar wa masu gonakin ƙasan rafi. Zarbat ya karɓa, don ba yadda zai yi, amma bai kalle ni ba. Haji Mirzaman ya ce tun da darajarta aka kira ni in faɗa, in faɗa a rufe magana. Na ce a kasuwa kuɗin sabon keke ce, amma a Darra ta yau babu mai hannun da zai ƙera irinta, har da ni. Sai Haji ya tambaya wa ke son ta. Zarbat ya kau da kai. Nekmat ya taso, ya tsuguna gaban bargon, ya rasa wacce ce. Na nuna masa da yatsa. Ya naɗe ta a koren alharinin, aka shafa fatiha, ya wuce ta gabana kamar bai taɓa sanina ba.

Gona ta tsira, wannan shi na je yi. Yayanki kuwa na rasa shi, wataƙila har abada, kuma abin yana yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Gobe zan dafa shinkafa da nama na kaffarar Baba Sarbaz. Ya aiko cewa a sa shi cikin goman.

Ban ce ki dawo ba. Na dai gaya miki kakanki ya fi yadda aka ba ki labarinsa.

Mijinki,
Janas Gul


Peshawar, 4 ga Mayu, 1986

Uwar Palwasha,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da duk mutanen gidan. Takardarki ta zo, gajera, amma na ga kin tambayi ko ina shan maganin tarina, kuma na san abin da wannan yake nufi a bakinki. Ina sha.

Kasuwa ta ja baya. Mutanen Zarbat sun ɗauke ƙafa kamar yadda na zata. Ɗan sandan Kohat kuma ya bi gari yana cewa na kunyata bindigarsa, alhali tun 1961 na gaya masa ƙirar gida ce. Ba komai, ana samun na gurasa.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Alhamis ina zaune sai babbar mota ta tsaya ƙofar shago, ta toshe titi, masu keke suna ta zagi. Nekmat ne. Bai sauko ba, bai yi sallama ba. Ya sa wani ɗan dako ya sauke buhu a ƙofata. Alkama ce, sabuwa, ta gonar rafi, farkon abin da ya sussuka. Na kwance bakin buhun in gani, sai hannuna ya taɓa alharini. Libarbar ce ya cusa a ciki.

Na ɗaga kai, ya leƙo ta taga, fuska a murtuke, ya ce, “Kunamarta ta yi tauri. Ɗan maƙeri, gyara aikin ubanka. Kuma ka gaya wa ƙanwata zafin Karaci ba na mutanen kirki ba ne.” Ya ja motarsa.

Na gyara kunamar a ranar. Na daɗe ina kallon ɗigo ukun nan kafin in rufe ta. Ranar Jumma'a zan kai masa da kaina, in ya ga dama ya kore ni daga ƙofar.

Alkamar kuwa na kai an niƙa, amma ban taɓa garin ba, ko cokali. Jirgin ƙasa yana tasowa daga Karaci kullum, kuma azumi saura mako. Ki zo ki yi mana gurasa da bindigar kakanki, ta gasken, wadda ta zama gona.

Ki gaishe da Palwasha da mijinta, ki sumbaci mai hancin.

Naki, mai jiran ki a tasha,
Janas Gul